Muhawara: Rabon Afirka Ne Ya Haddasa Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ko Tsoron Juna?

Aminu Dala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya yi tarihi a sakandare ya haddace cewa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi ne saboda wani saurayi ɗan shekara 19, Gavrilo Princip, ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914. Ni hankalina bai taɓa ɗaukar wannan ba. Ta yaya jinin mutum biyu zai kai sojoji miliyan 9 zuwa 10 kabari? An kashe sarkin Italiya a 1900, an kashe shugaban Amurka a 1901, an kashe sarkin Fotugal a 1908, duniya ba ta kama da wuta ba.

Abin da nake gani shi ne rigimar rabon ganima ce. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka shimfiɗa ƙa'idar yadda za su wawashe Afirka. Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1871, saboda haka ta iso an riga an kwashe mai tsoka. Ta tashi da Togo da Kamaru da Tanganyika da ƙasar da yau ake kira Namibiya, alhali Ingila na riƙe da Indiya da Masar da mu, Faransa kuma tun daga Aljeriya har Kwango. Ga masana'antun Jamus sun bunƙasa, har a 1913 ƙarfen da take narkawa ya ninka na Ingila. Masana'anta kuwa ba ta rayuwa sai da auduga da roba da kuza da man ja, da kasuwar da za a kai kaya. Sau biyu, a 1905 da 1911, saura ƙiris a gwabza a kan Maroko. Harbin Sarayebo hujja ce kawai aka samu. Mai ja, bismillah.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Aminu, na yarda da kai cewa harbin nan shi kaɗai bai isa ba. Amma a kan rabon ganima ina da ja, kuma ga dalilina.

Tambayi kanka, a fagen mulkin mallaka su wa suka fi hawa kan juna? Ingila da Faransa ne. A 1898 sojojinsu suka yi cirko-cirko a Fashoda, bakin kogin Nilu, har aka soma shirya jiragen ruwan yaƙi. Mu nan ma iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, jayayyar su biyun ce ta haife ta. Sai Ingila da Rasha, waɗanda suka shafe shekaru da yawa suna hararar juna a kan Afganistan da Farisa. Da ganima ce tushen yaƙi, ai waɗannan ukun ne za su yaƙi juna. Sai ga shi su ne suka tsaya sahu ɗaya: Ingila ta sasanta da Faransa a 1904, ta sasanta da Rasha a 1907.

Ita ma Maroko da ka kawo, duba yadda ta ƙare. A 1911 Jamus ta tura jirgin yaƙi tashar Agadir, aka yi ta kumfar baki, daga ƙarshe Faransa ta yanko wani yanki na Kwango ta ƙara wa Kamaru, magana ta mutu. Ƙasar baƙar fata ba ta da tsada a wurinsu, kullum ana iya yanko wani wuri a rufe wa mai kuka baki. Har a watan Yunin 1914 ɗin kansa Ingila da Jamus sun cimma matsaya a kan layin dogon Bagadaza. Kuma duk cinikin da Jamus ke yi da ƙasashen da ta mallaka bai kai kashi 1 cikin 100 na cinikinta da waje ba. Manyan abokan cinikinta maƙwabtanta ne na Turai, har da Ingila da Rasha.

Abin da ba su iya yankowa su ba wa juna ba shi ne abin da ke cikin gidansu: Alsas da Loren da Jamus ta ƙwace daga Faransa a 1871, yankin Balkan, da mashigin Santambul.

Zainab A.:
Allah ya gafarta Malam, to idan ba ganima ba ce, mene ne? Ni inda na kasa ganewa shi ne, rigima tsakanin Ostiriya da Sabiya ce, me ya kai sojan Jamus Beljiyam, ƙasar da ko kusa da wurin ba ta yi ba?

Malam Habu:
Zainab, tambayarki ita ce zuciyar maganar. Amsata a taƙaice: kowace babbar ƙasa a 1914 tana ganin gobe za ta fi yau muni a gare ta.

Ostiriya-Hangari daula ce mai ƙabilu sama da goma a ƙarƙashin sarki ɗaya tsoho. Ta haɗiye Bosniya a 1908. Sai yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 suka kusa ninka faɗin Sabiya, kuma a Sabiya akwai masu burin haɗa duk Silabawan kudu cikin ƙasa ɗaya, har da waɗanda ke ƙarƙashin Biyana, babban birnin Ostiriya. Bindigogin da Princip da abokansa suka riƙe daga hannun wasu hafsoshin Sabiya suka fito. Masu mulki a Biyana suka ce in ba a murƙushe Sabiya yanzu ba, daular za ta wargaje.

Rasha ta sha kashi a hannun Japan a 1905, ta kuma haɗiye takaici a kan Bosniya. Ta ga in ta sake barin Sabiya a hannun Ostiriya, babu mai ƙara ganin ta da ƙima. Faransa ba ta manta 1871 ba, kuma mutanenta miliyan 40 ne, na Jamus sun haura miliyan 65. Ba ta da mafita sai ƙawancen da ta ƙulla da Rasha a 1894, shi ya sa take ta ba Rasha rancen shimfiɗa layin dogo zuwa iyakar Jamus.

Jamus kuwa tana tsakiya, abokin gaba gabas da yamma. Janar-janar ɗinta sun lissafa cewa zuwa 1917 Rasha za ta gama faɗaɗa rundunarta da layukanta, daga nan ba mai iya tare ta. Sai suka ce in yaƙi zai zo, gara yanzu. A ranakun 5 da 6 ga Yuli Jamus ta ba Ostiriya tabbacin goyon baya ba tare da sharaɗi ba. Ranar 23 ga wata Ostiriya ta miƙa wa Sabiya sharuɗɗa da wa'adin awa 48, an tsara su ne yadda ba za a iya karɓa duka ba. Sabiya ta karɓi mafi yawansu, duk da haka ranar 28 aka shelanta yaƙi a kanta. Ranar 30 Rasha ta ba da umarnin haɗa dukkan rundunarta.

Nan ne Beljiyam ta shigo. Jamus tsarin yaƙi ɗaya tak take da shi, wanda ya samo asali daga Janar Schlieffen: a fara rugurguza Faransa cikin mako shida kafin Rasha ta gama shiri, sannan a juya gabas. Iyakar Faransa da Jamus cike take da ganuwoyi, hanya mai sauƙi ita ce a ratsa Beljiyam. Ingila kuwa tana cikin waɗanda suka sa hannu tun 1839 cewa ba za a taɓa Beljiyam ba. Ranar 1 ga Agusta Jamus ta shelanta yaƙi kan Rasha, ranar 3 kan Faransa, ranar 4 ta keta Beljiyam, a daren nan Ingila ta shiga.

A ganina kowa na da kaso a laifin, amma kason Biyana da Balin ya fi nauyi, don su suka zaɓi takobi da idonsu biyu alhali ƙofar sulhu na buɗe.

Baba Garba, tsohon soja:
Malam Habu ya yi bayani, bari in ƙara ta ɓangaren da na sani. Farar hula suna ɗauka haɗa runduna kamar kiran taro ne, in an fasa kowa ya koma gida. Ba haka ba ne. Mutum miliyoyi za a kira daga gonaki da masana'antu, kowa da barikin da zai karɓi kaki da bindiga, da jirgin ƙasan da zai hau, da sa'ar da zai tashi. Dawaki da igwa da abinci duk da nasu taragon. A makonnin farko na Agusta 1914, gada ɗaya a birnin Kolon kusan kowane minti 10 sai jirgin soja ya ratsa ta, dare da rana.

Ranar 1 ga Agusta sarkin Jamus ya ji kamar Ingila za ta tsame hannunta in ba a taɓa Faransa ba, sai ya ce wa babban hafsansa Moltke a juya rundunar gabas kawai. Moltke ya ce ba zai yiwu ba, in aka taɓa tsarin, taron mayunwata za a samu a maimakon runduna. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a duk labarin. Shugaba yana nan a kujerarsa, amma jadawalin jirgin ƙasa ya fi ƙarfin maganarsa. Kuma kowane ɓangare na tsoron in ya yi jinkirin kwana uku abokin gaba ya riga shi fili.

Aminu Dala:
Malam, Baba, na karanta da kyau, kuma na ƙaru. Amma har yanzu ban sauka ba. Me ya tura Ingila sasantawa da Faransa da Rasha tun farko? Ba don ta tsare Masar da Indiya ba ne? Me ya ɓata tsakaninta da Jamus? Gasar jiragen ruwa ce, tun dokokin Tirpitz, jagoran sojan ruwan Jamus, na 1898 da 1900, har Ingila ta fito da jirgin Dreadnought a 1906 kowa ya shiga ƙera irinsa. Ƙasar da ba ta da burin mallaka a ƙetare me za ta yi da irin waɗannan jirage?

Sannan ku duba abin da suka rubuta da hannunsu bayan an fara harbi. A Satumban 1914 fadar shugaban gwamnatin Jamus ta tsara jerin buƙatu, a ciki har da wata ƙatuwar mallaka a tsakiyar Afirka. A 1915 Ingila da Faransa suka yi wa Rasha alkawarin Santambul. A shekarar dai suka sayi Italiya da alkawarin ƙasa, ta bar tsoffin ƙawayenta ta koma wajensu. A 1916 Sykes na Ingila da Picot na Faransa suka zana yadda za a raba ƙasashen Larabawa, alhali ana yi wa Sharif Husaini na Makka alkawarin daula. A 1919 kuma duk abin da Jamus ta mallaka a Afirka aka rabe shi, ba a ba kowa 'yanci ba. Mutanen da ba ganima ce a ransu ba haka suke yi?

Malam Habu:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Aminu, ba zan raina ta ba. Inda muka rabu shi ne, ni ina bambanta abin da ya kunna wuta da abin da ya hana a kashe ta. A takardun watan Yulin 1914, abin da ministoci ke ta maimaitawa shi ne ƙawance da mutunci da ranar haɗa runduna, ba Togo ko Kamaru ba. Amma da aka zubar da jinin dubban ɗaruruwa cikin wata biyar, babu gwamnatin da za ta iya komawa gaban iyayen yaran nan hannu rabbana. Dole a nuna musu riba. Daga nan jerin ganima ya yi ta tsawo, sulhu ya yi ta nisa. Kuma na yarda da kai a wani wuri: shekaru arba'in na cin ƙasashen mutane da bindiga sun koya wa Turai cewa ƙarfi shi ne hujja.

Zainab A.:
To me ya sa ya kai shekara huɗu? Na ji an ce sojojin da suka fita a Agusta an gaya musu kafin Kirsimeti za su dawo.

Hajiya Rabi:
Ƙanwata Zainab, bari in amsa miki ta fannina, ni kimiyyar sinadarai nake koyarwa. Da a ce a zamanin da ne, yaƙin zai tsaya da kansa don kayan faɗa za su ƙare. A 1915 kowane ɓangare ya shiga ƙarancin harsashin igwa, har abin ya girgiza gwamnatin Ingila aka buɗe ma'aikata guda ta kayan yaƙi a ƙarƙashin Lloyd George. Mata dubban ɗaruruwa suka shiga masana'antun cika harsashi, sinadarin ya riƙa mayar da fatarsu rawaya, wasu ya kashe su.

Jamus ce ya kamata ta fara durƙushewa. Albarushi da nakiya ba sa yiwuwa sai da gishirin naitiret, wanda a lokacin daga ƙasar Cile ake kawo mafi yawansa, jiragen Ingila kuma sun toshe teku. Abin da ya cece ta shi ne dabarar Fritz Haber da Carl Bosch ta haɗa amoniya daga iskar da muke shaƙa, wadda kamfanin BASF ya fara a babban sikeli a 1913. Wannan dabarar ce har yau ake yin takin zamani da ita, buhun yuriya da manomi ke sa wa masara daga nan ya fito. Haber ɗin nan dai shi ya jagoranci sakin iskar kulorin a Ypres ranar 22 ga Afrilu 1915. Duk shekara in na zo wannan darasi sai na gaya wa ɗalibaina duka biyun.

Amma naitiret ɗin da ya tafi igwa bai je gona ba. Ga ƙawanyar teku, ga manoma da dawaki suna bakin daga. A hunturun 1916 zuwa 1917 dankali ya yi ƙaranci, Jamusawa suka koma cin wani tushen da ake ba dabbobi, farar hula dubban ɗaruruwa suka mutu sanadin yunwa da cututtukanta kafin yaƙin ya ƙare. Wannan matsin ne ya sa a Fabrairun 1917 suka saki jiragen ƙarƙashin teku su nutsar da duk jirgin da ya nufi Ingila, abin da ya jawo Amurka ta shigo ranar 6 ga Afrilu. Rasha ta fita bayan juyin juya halin 1917, amma ya zo wa Jamus a makare. Farmakinta na Maris 1918 ya cinye sojojin da ba ta da madadinsu, na Amurka kuwa suna ta sauka.

Baba Garba, tsohon soja:
Hajiya ta faɗi na masana'anta, ga na fili. Bayan an tare Jamus a kogin Marne a Satumban 1914, kowa ya haƙa rami, tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, kimanin kilomita 700. Mai tsaro yana da mashinga da waya mai ƙaya da igwa, kuma jirgin ƙasa na kawo masa ɗauki. Mai kai hari ƙafarsa kawai gare shi, cikin taɓo, da kaya a baya. Ko ya fasa layin farko, babu rediyon da zai ɗauka ya sanar da na baya, wayar tarho kuma igwa ta tsinke ta. Kafin labari ya isa, an toshe ɓarakar.

Ranar 22 ga Agusta 1914 kaɗai Faransa ta rasa mutum wajen 27,000, suna sanye da jan wando. Ranar 1 ga Yuli 1916 a Somme, bayan mako guda ana ruwan igwa, sojan Ingila suka fito daga rami, kafin dare sama da 19,000 sun mutu. A Verdun wata goma aka yi, matattu da raunatattu na ɓangaren biyu wajen 700,000.

Na taɓa zaman rami da damina a bakin aiki. Ruwa na kwanciya har idon sawu, ba ka isa ka cire takalmi ba. Ranar da ka cire, ƙafar ta yi fari fat ta kumbura, fatar tsakanin yatsu na saɓulewa, ga wari. Mu a ƙasa mai zafi ke nan. Su kuwa da ƙanƙara, da ɓeraye masu cin gawa, da ƙwarƙwata, wasu har yanke ƙafar ake yi.

Abin da ban yafe wa janar-janar ɗinsu ba shi ne sun san aikin mashinga. Sun gani a Omdurman ta Sudan a 1898, inda mutanen Khalifa, magajin Mahadi, wajen 10,000 suka faɗi a safiya ɗaya. Sun gani a Sakkwato da Burmi a 1903, da Satiru a 1906. Suka ɗauka wannan makomar baƙar fata ce, Bature mai horo zai ratsa. Harsashi bai tambayi launin kowa ba.

Memuna Kumasi:
Sannu Baba. Ina so in tuna wa zaure cewa harsashin farko da sojan Ingila ya harba a wannan yaƙi ba a Turai aka harba shi ba. A Togo ne, a Agustan 1914, kuma wanda ya harba sojan rundunar Gwalkwas (Gana ta yau) ne, Alhaji Grunshi. Abin da aka je nema tashar waya maras igiya ce ta Kamina, wadda ke haɗa Balin da jiragenta na tekun Atalantika. Jamusawa suka rusa ta da kansu, suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta.

Kuma in ana lissafin waɗanda suka yi yaƙin, a riƙa sa 'yan dako. A Gabashin Afirka ƙudan tsando na kashe dawaki da alfadarai, babu hanyar mota, saboda haka kan ɗan Adam ne motar. Ingila kaɗai ta ɗebi mutum kusan miliyan guda suna bin sawun kwamandan Jamus von Lettow-Vorbeck, wanda bai ajiye makami ba sai 25 ga Nuwamba 1918, mako biyu bayan Turai ta tsagaita wuta. Wajen 95,000 daga cikinsu suka mutu, yawanci da atini da zazzaɓi da yunwa. Sojojin Gwalkwas da na Najeriya duk an kai su can, na Najeriya sun sha wuya ƙwarai a Mahiwa a Oktoban 1917.

Bello Mubi:
Yaya Memuna, Allah ya saka. Mu a nan ba labarin nesa ba ne, garinmu a ƙarƙashin Jaman yake a lokacin. Turawa sun bar Yola a hannun Ingila, amma mafi yawan ƙasar Lamiɗo, su Garwa da Marwa da Ngaundare da Banyo, suna hannun Jamus. Kakata abin da ta riƙe daga bakin iyayenta shi ne bulala, da kwasar hatsi, da yadda maza ke kwana a kan dutse in an ji masu neman 'yan dako sun iso.

A ƙarshen Agustan 1914 rundunar da ta tashi daga Yola ta kai wa Garwa hari aka fatattake ta, har kwamandanta ya mutu. Sai a Yunin 1915 garin ya faɗi, bayan an jawo manyan igwa ta Binuwai. A tsakanin nan Jamusawa sun tsallako sun kai hari Gurin. Duwala ta faɗi tun Satumban 1914, Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916. Amma a dutsen Mora wani kyaftin, von Raben, da 'yan sojoji kaɗan ya riƙe wuri shekara ɗaya da rabi, bai sauko ba sai 18 ga Fabrairu 1916. Wanda ya san duwatsun Mandara ya san dalili: manyan duwatsu ne a kan juna, hanyar hawa ƙunci gare ta, mutum biyar za su tare ɗari. Masu harbin juna a kan dutsen nan, na sama da na ƙasa, kusan duk baƙaƙe ne, da yawansu da Hausa ko Fulatanci suke magana.

Aminu, ga abin da zai ƙarfafa ka. Da aka gama, Ingila da Faransa suka raba Kamaru, Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila ta ɗauki siririn yanki da ya haɗa da Dikwa da Mubi. Sai a ƙuri'ar Fabrairun 1961 muka shigo Najeriya. Ni ɗan Najeriya ne yau, ɗan baffana a Marwa ɗan Kamaru ne mai Faransanci, sanadin wannan yaƙin.

Malam Tijjani:
Jama'a, ba a taɓo Daular Usmaniyya ta Turkiyya ba, alhali a wurin Musulmi nan ne yaƙin ya fi barin tabo. A Agustan 1914 Ingila ta riƙe manyan jiragen yaƙi biyu da Turkawa suka biya aka ƙera musu, wani ɓangare na kuɗin ma karo-karon talakawa ne. Jamus ta kawo nata biyu Santambul. Ƙarshen Oktoba jiragen nan suka buɗe wuta kan tashoshin Rasha, a Nuwamba kuma aka shelanta jihadi da sunan Sultan Mehmed na Biyar.

Kiran bai karɓu yadda Balin ta yi fata ba, don mutane sun ga jihadi ne da aka ƙulla da wata daular Kirista a kan wasu. Indiya ta ba Ingila mutum sama da miliyan guda, da Musulmi da yawa a ciki. A Arewacin Najeriya, da Lugga ya haɗe da Kudu a farkon shekarar nan ta 1914, sarakuna kuɗi suka bayar daga baitulmali don taimakon yaƙin Ingila, a daidai lokacin da talakawa ke fitowa daga yunwar Kakalaba. Turkawa sun yi nasara a Galiboli a 1915, kuma a shekarar ne gwamnatinsu ta yi wa Armeniyawa kisan ƙare dangi, wannan ma dole a faɗe shi. Bagadaza ta faɗi a Maris 1917, alkawarin Balfour na samar wa Yahudawa gida a Falasɗinu ya fito a Nuwamba, Ƙudus ta faɗi a Disamba. A 1924 aka soke halifanci.

Aminu Dala:
Kun ga abin da nake nufi. Ko na bar wa Malam Habu watan Yuli, shekaru huɗun da suka biyo baya nawa ne. Ɓangaren da ke da teku da Indiya da Afirka shi ya ci. Kuma ladan da muka samu shi ne marisuwa, murar da jiragen ruwa suka sauke a Legas a Satumban 1918, ta bi layin dogo har Kano, ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Najeriya.

Isufu Damagaram:
Malam Tijjani, gafarta, akwai inda kiran ya samu amsa, sai dai ba don son Santambul kaɗai ba. Sanusiyya sun yaƙi Italiya da Ingila, Sarkin Darfur Ali Dinar ya tashi aka kashe shi a Nuwamban 1916. Mu kuma a nan Nijar muna da Kawsan, jagoran boren Buzaye.

Faransa ta ɗebi sojoji kusan 200,000 daga Afirka ta Yamma, wajen 30,000 ba su dawo ba. Ɗibar ta yi tsanani har ƙasar Bolta da Bani ta yi bore a 1915 da 1916, mutane da yawa kuma suka tsallaka ƙasar Ingilishi don gudun soja. A Abzin abin da ya fi ciwo shi ne kwasar raƙuma. Fari ya riga ya kashe dabbobi, ga haraji, sannan a zo a ƙwace raƙuman da Buzu ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri da su, ya kai Kano da Damagaram ya sayo hatsi. Wanda aka raba da raƙuminsa an raba shi da abincin gidansa.

A Disamban 1916 Kawsan ya iso Agadas da bindigogi da igwa da ya samo ta hannun Sanusiyya, Sarkin Abzin Tagama ya mara masa baya, suka tsare sojan Faransa a barikinsu. Sai a farkon Maris 1917 rundunar da ta taso daga nan Damagaram ta fasa ƙawanyar, Ingilishi kuma sun turo sojoji daga Najeriya sun taimaka wa Faransa. Abin da ya biyo baya ya fi yaƙin muni: an kashe mutane da yawa a Agadas har da malamai, an kwashe dabbobi, an kori jama'ar Abzin zuwa kudu. Mu a wurinmu tsagaita wutar 11 ga Nuwamba 1918 ba ta rufe komai ba. Kawsan ya gudu Fezzan aka kashe shi a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Faransa a Agadas a 1920, ayarin gishiri kuma ya ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo.